Rasuwar Bi-Layi, Wadda Ta Cika A Hanyar Ƙaura

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da idanun da suka yi jawur saboda kallon jan rubutu a fuskar kwamfuta, Malam Badruddeen Tanimu, sakataren ƙungiyar direbobin tashar Gindin Rimi da ke Bukuru, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan kamasho da yaran mota, da duk fasinjan da ya taɓa shiga motar Vom ko ta Kuru ba tare da an yaga masa hannun riga ba, rasuwar 'yarsa kuma abin alfaharinsa, manhajar nan mai kiran layi da aka fi sani da Bi-Layi. Ta rasu ne a hanyar ƙaura daga tsohon gidanta zuwa sabo, bayan doguwar jinya da ta ci data ta ci haƙuri. Rai ya yi halinsa tana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba, marigayiya ba ta da jiki sai wata waya mai tsagaggen gilashi da aka ɗaure da roba a tagar ofishin ƙungiya, aka haɗa ta da lasifika. Direba ya shigo tasha, ɗan kamashon bakin ƙofa ya danna mata lambar motarsa, ita kuma ta riƙe wa ya riga wa. In motar da ke lodi ta cika ta tashi, sai a ji ta: "Ɗin-ɗin." Sannan ta karanto lambar mai bi, da muryar wata Baturiya da ba ta taɓa shan sanyin Filato ba. Iyakar aikinta ke nan a duniya. Wanda ya ga aikin ya yi kaɗan, bai san tasha ba, bai kuma san Jos ba.

Kafin zuwanta allo ne da alli, alli kuwa ba ya gardama da yawu. Direba ya zaga bayan gida ya dawo, ya tarar lambarsa ta sauko, ta ƙanin matar mai riƙe da alli ta hau. Daga nan sai cacar baki, sai cin kwala, sai a ga jak ɗin ɗaga mota ya fito daga ƙarƙashin kujera. A wani garin faɗan layi a layi yake ƙarewa. A nan kuwa, kafin labari ya kai kasuwa an riga an tambayi sunan wanda aka mara da sunan wanda ya yi marin, an raba su gida biyu, masu shaguna sun fara jan ƙofa, iyaye sun ruga makaranta ɗauko yara. Malam Badruddeen ya taɓa riƙe allin nan. Giɓin da ke bakinsa ba da shi aka haife shi ba.

An haifi marigayiya a wani dandali na intanet, irin wanda aka yi domin waɗanda ba su iya rubutun injiniyoyi ba. Ka jawo akwati ka ajiye nan, ka jawo maɓalli ka ajiye can, ka ce wannan ya gaya wa wancan. Malam Badruddeen, wanda iyakar karatunsa na kwamfuta wani ɗan kwas ne da aka yi musu aka sallame su da satifiket da lemo, shi ya harhaɗa ta da hannunsa, yana ginawa yana rushewa har ta tsaya. Ba ta zo duniya da gidan kanta ba. Madam Okwuchi, mai shagon buga takardu da hoton fasfo da ke kallon tashar, ita ta buɗe asusunta na dandalin ta ba shi lungu. "Oga Badru, sa kayanka a nan, amma abeg kar ka taɓa nawa," abin da ta ce ke nan. A wannan lungun marigayiya ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta girma.

Halinta ba sai an faɗa ba, amma tunda al'ada ce za a faɗa. Ba ta cin goro. Ba ta da suruki, ba ta da ɗan ƙauyensu, ba ta taɓa cin shinkafar bikin kowa ba balle ta ji nauyinsa. Ba ta san suna ba, lamba ta sani. Direbobin da ke zuwa masallaci suna ce mata Hajiya, masu zuwa coci suna ce mata Madam, kowa ta amsa masa da ɗin-ɗin iri ɗaya. Ita kaɗai ce a duk Bukuru ba a taɓa tambayar ta a wace unguwa take kwana ba. Har motar shugaban ƙungiya ta sha mayarwa baya, ba tare da ko "ranka ya daɗe" ba. Ba a ce ba ta da aibi ba. In hadari ya haɗo daga wajen Vom takan yi suman tsaye, sai an kwance ta an ɗaga sama, an juya gabas an juya yamma ana lallashi. Amma ko daga suma ta farfaɗo, ba ta taɓa cewa na baya ne na gaba ba.

A zamaninta ne aka ga Jang, direban wata farar bas mai zuwa Vom, da Hammajoda, mai shuɗiyar da ke bin hanya ɗaya da shi, suna zama benci guda suna jiran lamba. Ɗaya ya sayi gasasshiyar masara ya karya biyu. Tare suke zagin ramukan titi, tare suke zagin makanikai. Ba wata ƙauna ce ta sauko musu daga sama ba, abin da za su yi faɗa a kai ne aka ɗauke musu. Jang ya taɓa cewa, "Sakatare, wannan yarinya naka, shi ba ya da ɗan'uwa. Shi ya sa ni na yarda da shi." Malam Badruddeen ya ajiye maganar nan a zuciya, ya fi ji da ita fiye da satifiket ɗin.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga girma. Alhaji Sharafaddeen, shugaban ƙungiya, ya je wani taro a Kuru, ya ji shugabannin wasu tashoshi suna ta faɗin "dandalinmu" da "asusunmu", ya dawo abin na cin sa a rai. Ya ce abin kunya ne ƙungiya mai hatimi da tuta a ce 'yarta tana raɓe a shagon mai buga takardu. Aka buɗe sabon asusu da sunan ƙungiya, aka umarci sakatare ya kwaso ta.

Dandalin yana da tsarinsa na ƙaura: a tsohon gida ka ɗaure manhaja cikin ƙunshi guda, ka kai sabon gida ka kwance. Malam Badruddeen ya ɗaure. An nuna masa wasu ƙananan akwatuna ana tambayar sa da Turanci ko za a haɗa da kaza da kaza. Ya ga abin zai ja lokaci, ga data tana zuba, ya kuma ɗauka duk wanda ya ce a ɗauko masa yarinya ai har da hanjinta yake nufi. Ya danna na gaba, ya sake danna na gaba, ƙunshi ya sauko, ya zuba shi a filashi ya sa a aljihun gaba. Masu cewa da ya tsaya ya karanta, su tuna cewa shi ne mai makoki.

Da an bar shi ya kwance ƙunshin shi kaɗai a ofis, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma a ƙasar nan ba a ƙaura ba tare da kanofi ba. Aka kafa rumfa, aka jera fararen kujeru, aka ɗinka anko, aka gayyato babban baƙo daga ƙaramar hukuma, aka kira mai hoto. Tsarin biki shi ne sakatare ya danna shigarwa a sabon gida, in ta shiga lafiya shugaba ya danna rushe tsohon, a yi tafi, a sha lemo. Sakatare ya danna. Wani koren zare ya fara tafiya a fuskar kwamfuta, tafiyar tsohuwa mai ciwon ƙafa. Babban baƙo ya duba agogo ya ce yana da wata ƙaddamarwar a gaba. Mai hoto ya ce rana za ta juya masa. Shugaba ya leƙa ya ga koren zare ya kusa bango, ya ce, "Ai ta shiga, saura ƙafa."

Ya karɓi lasifika ya yi jawabi, ya gode wa Allah da ya nuna masa ranar da aka ceto 'yar ƙungiya daga ɗakin haya mai warin tawada. Madam Okwuchi tana zaune a sahun gaba da ankonta, kwamfutarta ce ma a kan teburin, don ita ta buɗe musu tsohon gidan. Shugaba ya ɗora yatsa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Alhaji Sharafaddeen bai taɓa rashin tabbata ba tunda yake. Ya danna. Mai hoto ya ce bai ɗauka da kyau ba, shugaba ya mayar da yatsa ya gyara hula, aka ɗauka, aka yi tafi. Tafin bai gama sauka ba koren zare ya koma ja.

Daga nan jinya ta fara. Jan rubutun ya ce ba a iya shigar da ƙunshin ba, domin akwai abubuwan da manhajar ta dogara da su, ba a gan su ba. Ya bi da wata doguwar lamba cakuɗe da haruffa, wadda har yau ba a samu wanda ya ci moriyarta ba. Masu jinya suka fara da maganin da kowa ya sani, suka ce netiwok ne. Aka kashe kwamfuta aka kunna. Aka canza sim. Malam Badruddeen ya rungumi kwamfuta ya hau wani dutse a bayan tasha inda ake cewa sabis ya fi ƙarfi, ya zauna iska tana kaɗa masa babbar riga, ya sake gwadawa. Jan rubutu ya zo da sauri fiye da na da, ribar hawan dutsen ke nan.

Sai da ya sauko ya zauna ya karanta a tsanake, yana bin rubutun da yatsa, sannan ciwon ya bayyana. Fuskar marigayiya kaɗai aka ɗauro, da maɓallanta da launinta da tambarin ƙungiya. Rumbun da take ajiye lambobin motoci, da igiyar da ta haɗa ta da rumbun, da ɗan aiken da ke kai murya ga lasifika, duk an bar su a tsohon gida. Tsohon gida kuwa shugaba ya rushe shi a gaban mai hoto. Malam Badruddeen ya gina sabon rumbu, ya raɗa masa sunan tsohon, ko harafi bai bambanta ba. Ta ƙi shi. Ashe a wurin dandali suna ba komai ba ne, kowane rumbu da ɓoyayyiyar lambar haihuwarsa, ita kuma lamba ta sani. Halin da aka so ta dominsa, shi ya hana ta shan magani.

Aka kai ta wurin ƙwararre, wani Arinze mai gyaran kwamfuta a cikin Jos, wanda aka ce ba abin da bai taɓa buɗewa ba. Ya juya filashin a hannu ya ce, "Oga, no wahala, ƙaramin tiyata ne kawai." Ya farke ƙunshin, ya shiga cikin rubutun nan da dandali ya yi alkawarin ba wanda zai taɓa buƙatar gani, ya goge nan, ya ƙara can, ya ɗinke. Aka kai sabon gida. A da cewa ake kaya ba su cika ba. Yanzu aka ce wannan ma ba ƙunshi ba ne, ba a san ko mene ne ba. Garin neman gira an rasa ido. Da aka koma kan wani kwafi da aka ajiye, wanda wuƙar Arinze ba ta taɓa ba, sai sabon gida ya ƙara da cewa shi ginin bana ne, ita kuma tsarin da ne, sai an mayar da ita tsohon gida an sabunta ta tukuna.

Aka rubuta wa masu dandalin can ƙasar waje. Suka amsa nan take, cikin ladabi, cewa damuwar Malam Badruddeen damuwarsu ce, ya turo hoton jan rubutun. Ya tura. Wani ya amsa da wani sunan, cewa damuwarsa damuwarsu ce, ya turo hoton jan rubutun. A can ƙasan wata amsa, bayan gaisuwa da godiya, aka tsinci magana mai amfani: gidan da aka rushe ba ya ɓacewa nan take, ana ajiye shi na ɗan lokaci, mai asusun na iya tayar da shi da dannawa ɗaya. Malam Badruddeen ya karanta, ya miƙe tsaye, ya sake zama. Mai asusun ita ce Madam Okwuchi.

Ya tsallaka titi da gudu, hula a hannu. Madam ta ci gaba da jera takardu, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Oga Badru, ni ba na da matsala da kai. Amma ɗaki na yana warin tawada, ko ba haka ba? Ciyaman ya faɗa a lasifika. To ya zo ya ba da haƙuri." Da shugaba ya ji, ya ce shi da ya riƙe sitiyari tun ba a haifi mai shagon ba, ba zai tsallaka titi ba, sai dai a tura wakilai. Sai aka ce a kafa kwamiti.

A nan ne marigayiya ta shiga gargara. Ba a kafa kwamiti a tashar Gindin Rimi da ka. In aka sa mai zuwa masallaci, sai an sa mai zuwa coci. In aka sa na hanyar Vom, na hanyar Kuru su ce an mayar da su saniyar ware. Aka daidaita ɓangarori cif-cif, sai aka ga ba mai raba gardama. Aka ƙara mutum ɗaya, sai aka tambayi sunansa, aka koma farko. Sakatare yana shiga yana fita yana roƙo, yana cewa lokaci na tafiya, ana ce masa ai gaggawa ce ta jawo wannan duka, ya bari a bi a hankali. Da aka gama da mambobi, aka shiga batun wa zai yi magana, da wane harshe, da ko za a tafi da goro ko da kwalin lemo. Bayan zama da ɗage zama, aka tsayar a tafi da duka biyun.

Ran da wakilai suka tsallaka titi cikin anko, Madam Okwuchi ta tarbe su da fara'a, don ita ma fushin ya ishe ta. Tunda aka daina kiran lamba, hayaniyar tasha ta hana ta jin maganar kwastoma. Ta karɓi goro, ta karɓi lemo, ta ce ya wuce. Ta buɗe kwamfuta, aka yi cirko-cirko a bayanta. Inda tsohon gida yake babu komai, fili fetal. Da aka lissafa, lokacin da masu dandali suka ɗiba ya cika ne ana tsakiyar muhawarar goro. Malam Badruddeen bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ce a ba shi kujera.

Marigayiya ta bar mahaifinta, wanda har yanzu in wayar wani ta yi ɗin-ɗin sai ya waiwaya. Ta bar uwar goyonta, Madam Okwuchi. Ta bar lasifika, wadda yanzu shugaba ke amfani da ita wajen bayyana wa jama'a cewa abin ƙaddara ne. Ta bar sabon gida mai faɗi, da sunan ƙungiya a ƙofa, ba kowa a ciki. Ta bar kyakkyawan hoton yatsan shugaba a kan maɓalli, an yi masa firem an rataye a ofis, tunda hoton dai ya fita. Ta bar kwamiti, wanda bai watse ba, ya koma kwamitin binciken musabbabin rasuwa. Ta kuma bar marayu masu taya huɗu cike da tasha, kowanne na rantsuwa shi ya riga shigowa.

Masu ta'aziyyar da ke cewa ai sai ya sake haifar wata, an gode, Allah ya bar zumunci. Ya fara. Amma tun ba ta yi ido ba an riga an raɗa mata addini. Wasu na cewa sakatare ne ya kashe ta farkon da gangan, don ya haifi wadda za ta san 'yan uwansa. Wasu na cewa mai shago ce ta riƙe ta har ta mutu, kuma kowa ya san inda mai shago take zuwa ran Lahadi. Ita Bi-Layi an yarda da ita ne don ta shigo ba wanda ya kula, ana yi mata dariya, har ta nuna halinta. Ta biyu ba za ta sami wannan gatan ba.

Tun kwanciyarta da ƙarfin murya ake lodi. Mota biyu su buɗe ƙofa lokaci guda, fasinja ya tsaya ya karanta addu'ar da aka manna a gilashi kafin ya zaɓi wadda zai shiga, kowace ta yi rabi, ba wadda ta tashi. Don haka ƙungiya ta yanke cewa da an dawo daga jana'iza sakatare zai koma kiran layi da bakinsa. Tun jiya Jang da Hammajoda suka kafa motocinsu a bakin hanyar Vom, goshi da goshi, kowa ya zare makulli ya sa a aljihu, kowa da jama'arsa a bayansa. Malam Badruddeen ya ga wanda ya riga shigowa da idonsa. Hammajoda ne, wanda suke sahu ɗaya da sakatare ran Juma'a. In ya faɗi gaskiya, rabin tasha za ta ce ai dama. In ya yi ƙarya, ɗaya rabin za ta ce an saye shi, Jang kuma da kansa zai san ƙarya ce. Tsoro yake ji, kuma ya ce a rubuta haka a cikin sanarwar.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa abin da bai taɓa numfashi ba salla. An tuntuɓi fasto, ya ce su ma haka yake a wurinsu. Kwamiti ya yaba da wannan matsaya, da yake ita ce ta farko da aka samu ba tare da zama ba. Saboda haka gobe da hantsi za a ɗauki gawa, wato filashin, daga ofishin ƙungiya zuwa tsohon kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari, a jefa ta. An so a yi jerin gwanon motoci, amma mai faɗin wa zai yi gaba ita ce a makara, don haka da ƙafa za a taka. Ba anko, ba kanofi, ba mai hoto. Ana roƙon masu rakiya su bar sifana da duk wani ƙarfe a gida.

Ba za a yi zaman makoki ba. Daga kududdufi tasha za a wuce kai tsaye, inda Malam Badruddeen zai hau benci, ya buɗe baki, ya kira motar farko zuwa Vom. Mai ɗakinsa ta roƙi a bar ƙofar bayan ofis a buɗe.

Wanda ya taho da addu'a kada ya ɓata ta a bakin ruwa. Ya riƙo ta har a dawo tasha.